Zafi da Maganaɗisu a Kwararar Lantarki, da Matsayinsu Wajen Tsaron Gidaje

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayani a kan abubuwa biyu da kwararar lantarki take haifarwa a duk wayar da ta ratsa, watau zafi da maganaɗisu. Sa'an nan za a nuna yadda aka yi dabarar sarrafa waɗannan abubuwa biyu suka zama su ne masu gadin gida daga gobara da kuma jan wuta. Dalilin kawo wannan batu gaban taro irin wannan shi ne, lantarki ya shiga gidaje da kasuwanni da makarantu na ƙasar Hausa, amma bayaninsa bai shiga harshen masu amfani da shi ba. Mutum ya san wuta tana ja, ya san tana tayar da gobara, amma ba a gaya masa dalili ba, don haka sai ya riƙa ɗaukar fis da makatsin wuta a matsayin abubuwan da suke takura masa.

Kafin a shiga bayani sosai ya kamata a daidaita kalmomi uku. Na farko akwai turi, watau ƙarfin da yake ingiza lantarki cikin waya, ana auna shi da bolt. Na biyu akwai kwarara, watau yawan lantarkin da yake wucewa ta wani gurbi na waya a cikin daƙiƙa guda, ana auna ta da ampiya. Na uku kuwa ita ce turjiya, watau tirjewar da abu yake yi wa lantarkin da yake son ratsa shi, ana auna ta da om. Georg Ohm, wani malami Bajamushe, shi ya bayyana dangantakarsu a shekarar 1827: idan aka raba turi da turjiya, abin da ya fito shi ne kwarara. A Nijeriya turin da ake kai wa gidaje bolt 230 ne, kuma kwararar tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Idan aka riɓanya turi da kwarara sai a sami ƙarfin aiki, wanda ake aunawa da wat, shi ne adadin da ake rubutawa a gindin dutsen guga ko jikin ƙwan fitila.

Zafin da kwarara take haifarwa

James Joule, mutumin Salford kusa da Manchesta a Ingila, shi ne ya auna wannan al'amari a tsakanin 1840 da 1841. Ya tsoma waya cikin ruwa, ya sakar mata lantarki, ya riƙa duba yadda zafin ruwan yake hawa. Abin da ya gano ana iya rubuta shi kamar haka:

Zafi = Kwarara × Kwarara × Turjiya × Lokaci

Abin lura a nan shi ne kwarara ta fito sau biyu. Ma'anarsa ke nan idan aka ninka kwarara sau biyu, zafi zai ninku sau huɗu. Idan aka ninka ta sau uku, zafi zai ninku sau tara. A ganina duk wanda ya fahimci wannan magana guda ya riga ya fahimci rabin abin da ya shafi gobarar lantarki, domin hankalin mutum yana ba shi cewa ƙarin kaya kaɗan a soket ƙarin zafi kaɗan ne, alhali kuwa ba haka lissafin yake ba.

Amfanin wannan zafi sananne ne. Wayar da take cikin dutsen guga da hitar dafa ruwa da risho na lantarki an yi ta ne da garwayen ƙarfe da ake kira nikurom, kashi 80 cikin ɗari nikel, kashi 20 kuromiyam, wanda Albert Marsh na Amurka ya yi wa rajista a 1906. Turjiyarsa ta fi ta jan ƙarfe sau sittin da wani abu, kuma yana yin ja jawur ba tare da iska ta cinye shi ba. Wannan ne ya sa igiyar dutsen guga take zama da sanyi alhali gindinsa yana ƙuna, ko da yake kwarara ɗaya ce take ratsa su duka biyu: bambancin yana wajen turjiya. Tsohon ƙwan fitila kuwa silin tangistan ne a cikinsa, ƙarfen da ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,422 a ma'aunin Salsiyas. Mafi yawan wutar da irin wannan ƙwai yake sha zafi take zama, hasken ɗan kaɗan ne, shi ya sa ƙwayayen zamani suka ture shi daga kasuwa.

Wannan ƙa'ida ta Joule ita ce kuma dalilin da ya sa ake ɗaga turi sama ƙwarai idan za a kai wuta nesa. Wutar da take tasowa daga madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka buɗe a 1968, tana bin manyan layuka masu bolt 330,000, daga nan a sauke ta zuwa 132,000, sai 33,000, sai 11,000, kafin taransifomar unguwa ta mayar da ita yadda gida zai iya sha. Da a ce da bolt 33,000 za a ɗauko ƙarfin aiki iri ɗaya tun daga tushe a kan wayoyi iri ɗaya, da kwarara ta ninku sau goma, asarar da ake yi ta hanyar zafi kuma ta ninku sau ɗari.

To, yanzu mu juyo ga inda zafin yake zama masifa. Mu ɗauki igiyar jan wuta mai tsawon mita 10, wadda kaurin jan ƙarfenta murabba'in milimita ɗaya ne. Da yake lantarki zai je ya komo, tsawon hanyarsa mita 20 ke nan, turjiyarta kuwa kusan om 0.34. Idan ampiya 5 take ɗauke da shi, zafin da take fitarwa wat 8.5 ne, ba wanda zai lura da shi. Idan aka ɗora mata ampiya 15 sai ya koma wat 76 da ɗoriya. Ga shi kuma sau da yawa igiyar a naɗe take, ko an shimfiɗa darduma a kanta, ko ta bi ta bayan dilar atamfa a rumfar kasuwa, inda zafin ba shi da mafita. Ampiya 15 kuwa ba wuyar kai wa gare ta: butar lantarki mai wat 2,300 ita kaɗai ampiya 10 take ja, hita mai wat 1,500 tana jan 6.5, dutsen guga mai wat 1,000 yana jan 4 da ɗan kai. Idan aka tara su uku a soket guda an doshi ampiya 21, alhali fulogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi iyakarsa 13.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɓoyuwa, watau mahaɗa mai sako-sako. Inda aka murɗa wayoyi biyu da hannu aka naɗe da salatif, ko inda noti ya kwance a cikin soket, turjiya tana taruwa a gurbi ɗaya. A ce ta kai rabin om kurum. Da kwararar ampiya 10, wat 50 ke nan na zafi a wurin da bai fi ƙwayar wake girma ba. Zafin yana sa ƙarfen ya yi tsatsa, tsatsa tana ƙara turjiya, turjiya tana ƙara zafi, haka abin zai yi ta ciyar da kansa har roba ta kama. Babu fis ɗin da zai tsinke saboda wannan, don kuwa kwarara ba ta wuce ƙa'ida ba. Alamarsa ita ce soket ya yi baƙi, ko a ji ƙaurin roba, ko fulogi ya yi zafi a hannu.

Wajibi ne a ƙara da abu biyu da suka shafi ƙasarmu musamman. Robar da ake rufe wayoyin gida da ita an yi ta ne don ta jure digiri 70, kuma jadawalin da yake faɗin yawan ampiyar da kowace waya za ta ɗauka an gina shi ne bisa zaton zafin iska digiri 30 ne. A Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu zafin inuwa ma yana wuce 40, balle tsakanin kwano da silin inda wayoyin suke bi. Ƙa'ida ta ce a digiri 40 a rage wa waya kaya zuwa kashi 87 cikin ɗari, a digiri 50 kuwa zuwa kashi 71. Abu na biyu shi ne wayar jabu, wadda cikinta alminiyam ne aka shafe bayansa da jan ƙarfe. Sauƙin wucewar lantarki a cikin alminiyam kusan kashi 61 cikin ɗari ne na jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi. Mai gida ya ga ya sami araha, bai san ya binne wa kansa hita a cikin bango ba.

Maganaɗisun da kwarara take haifarwa

A shekarar 1820 Hans Oersted, malamin jami'a a Kopenhegan ta ƙasar Denmak, ya lura cewa allurar kamfas tana karkacewa idan aka saki lantarki cikin wayar da take kusa da ita. Kafin wannan lokaci ana ɗaukar lantarki da mayen ƙarfe abubuwa ne biyu da ba su da haɗi. Cikin wannan shekara André Ampère na Faransa ya nuna cewa wayoyi biyu da suke jere suna jan juna idan kwararsu ta fuskanci gefe guda, suna ture juna idan ta saɓa. Idan aka naɗa waya zagaye-zagaye sai maganaɗisun kowane zagaye ya haɗu da na ɗan'uwansa, idan kuma aka sa baƙin ƙarfe a tsakiya sai ƙarfin ya ninku ƙwarai. William Sturgeon na Ingila shi ya fara ƙera irin wannan mayen ƙarfe na lantarki a tsakiyar shekarun 1820. Fifikonsa a kan mayen ƙarfe na asali shi ne ana kunna shi ana kashe shi, kuma ƙarfinsa yana bin yawan kwarara. A riƙe wannan magana ta ƙarshe, za a dawo gare ta.

Michael Faraday ya juya al'amarin a 1831, ya nuna cewa maganaɗisu mai sauyawa shi ma yana haifar da lantarki cikin naɗin waya. A kan waɗannan bincike aka gina motar da take juya fanka da injin niƙa da famfon rijiyar burtsatse, aka gina janareta, aka gina taransifoma, wadda ba komai ba ce illa naɗi biyu na waya a jikin ƙarfe guda, ba su taɓa juna ba, maganaɗisu ne kurum yake kai saƙo tsakaninsu.

Akwai abin da masu gidaje suke yawan tambaya: me ya sa firiji da injin ruwa suke ƙonewa idan wuta ta zo ba ƙarfi, alhali hita ba ta ƙonewa? Hita idan turi ya ragu kwararta ma raguwa take yi, sai dai ta jinkirta tafasa ruwa. Mota kuwa nauyin da take juyawa bai ragu ba, don haka sai ta ƙara jan kwarara ta cike giɓin, idan kuwa ta kasa tashi gaba ɗaya sai ta ja ninkin-ba-ninkin abin da ta saba. Daga nan ƙa'idar Joule ta karɓi aiki, naɗin ya gasu.

Fis da makatsin wuta

Fis shi ne mafi tsufa kuma mafi sauƙi cikin masu gadin. Ɗan guntun sili ne da aka sa da gangan ya zama mafi rauni a duk da'irar, domin idan kwarara ta wuce kima shi ya fara narkewa kafin wayar bango ta yi zafi. Thomas Edison ya yi wa wani nau'insa rajista a 1890. Fulogi mai ƙafafu uku masu kusurwa, wanda Ingila ta fito da shi a 1947 muka kuma gada daga gare ta, yana da nasa fis a ciki, galibi na ampiya 3 ko 13. Na 3 shi ya dace da fitila da rediyo, na 13 kuwa da buta da dutsen guga. Sai dai a sani fis ba ya tsinkewa da zarar an ɗara adadinsa. Na ampiya 13 yana iya jure 20 na tsawon lokaci kafin ya narke, saboda haka ba hujja ba ce mutum ya ce ai fis bai tsinke ba, kayan ba su yi yawa ba.

Mummunar al'adar da ta zama ruwan dare ita ce, fis ya tsinke sai a maye gurbinsa da waya mai kauri, ko ƙusa, ko takardar ƙyalli ta kwalin sigari. Wanda ya yi haka bai gyara komai ba, wurin da zai narke kurum ya sauya. Da can a cikin akwatin tangaran yake, yanzu ya koma cikin silin.

Makatsin wuta, wanda masu aikin wayarin suke kira bireka, shi ne inda zafi da maganaɗisu suka haɗu a gida guda. Hugo Stotz na Mannheim a Jamus ya yi wa ƙaramin nau'insa na gidaje rajista a 1924. A cikinsa akwai hanyoyi biyu na katsewa. Ta farko falle ne na ƙarafa biyu da aka manne, waɗanda zafi yake miƙar da ɗaya fiye da ɗaya. Idan kaya suka yi yawa fallen yana ɗumama a hankali, ya tanƙware, ya saki kunama. Wannan jinkiri da gangan ne, don kada wuta ta riƙa katsewa duk sa'ad da firiji ya ja numfashin tashi. Ta biyu ɗan naɗin waya ne da sandar ƙarfe a tsakiya. Idan waya mai wuta ta taɓa wayar komawa kai tsaye, turjiya ta kusa zama babu, kwarara ta yi tsalle zuwa ɗaruruwan ampiya, a nan babu lokacin jiran falle ya yi zafi. Maganaɗisun naɗin, wanda muka ce yana bin yawan kwarara, shi zai fizgi sandar ta bugi kunamar cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Nau'in da aka yi wa alamar B yana yin haka idan kwarara ta ninka adadinsa sau 3 zuwa 5, mai alamar C kuwa sau 5 zuwa 10.

Abin da ya kamata a jaddada shi ne fis da makatsi waya suke tsarewa, ba mutum ba. Kuma da kaurin waya ake zaɓensu. Wanda ya ga makatsi mai ampiya 16 yana yawan faɗuwa ya je ya sa mai 32, wayar kuwa tana nan yadda take, daidai yake da mai sa ƙusa.

Jikin mutum da wayar ƙasa

Adadin da yake kashe mutum ƙanƙane ne ƙwarai, har sai an raba ampiya gida dubu kafin a auna shi, kowane kashi ana ce masa miliampiya. Mutum yana fara jin tsikari a wajen miliampiya 1. Daga 10 zuwa sama tsokar hannu tana ƙanƙamewa ya kasa sakin abin da ya riƙe, wannan ne ake cewa wuta ta kama shi. Idan ta kai 50 zuwa 100 ta ratsa ƙirji, bugun zuciya yana iya rikicewa. Busasshiyar fata tana da turjiya mai yawa, amma jiƙaƙƙen jiki, da gumi ko ruwan wanka ko na alwala, turjiyarsa tana sauka zuwa wajen om 1,000. A raba 230 da 1,000, an sami miliampiya 230. Wannan ya isa kisa, amma bai kai ko rubu'in ampiya ɗaya ba, don haka fis mai ampiya 13 ko motsi ba zai yi ba.

Maganin farko shi ne wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, wadda take zuwa doguwar ƙafar fulogi. Sauran biyun, mai wuta ruwan ƙasa-ƙasa ce, ta komawa shuɗiya. A tsofaffin gidaje za a tarar da ja da baƙa. Aikin wayar ƙasa shi ne ta haɗa gangar jikin firiji ko dutsen guga da ƙasa, ta yadda idan waya mai wuta ta goge ta taɓa gangar, kwarara mai yawa za ta bi ta can, fis ya tsinke kafin hannu ya kai. Makunni da fis kuma a kan waya mai wuta ake sa su, domin idan aka sa su a kan ta komawa na'ura za ta mutu amma wuta tana nan a cikinta tana jira.

Sai dai a nan ma yanayinmu yana da magana. Inda gida ya dogara ga sandar da aka kafa a ƙasa kaɗai, turjiyar sandar tana bin laimar ƙasa. Da rani, a ƙasa mai rairayi irin ta arewa, tana iya kai wa om 100 ko fiye. A raba 230 da 100, ampiya 2.3 ke nan, ba za ta tsinka fis ba, gangar firijin kuwa tana nan ɗauke da wuta. Sandar da aka auna da damina aka ce ta yi, ba lalle ne ta yi ba a watan Maris.

Wannan giɓi shi makatsin yoyo yake cikewa, kuma shi aikin maganaɗisu ne tsantsa. Waya mai wuta da ta komawa duka suna ratsa zoben ƙarfe guda. Muddin abin da ya tafi shi ne ya komo, maganaɗisun ɗaya yana soke na ɗaya, zoben yana zaune shiru. Da zarar wani kashi ya zurare ta jikin mutum ko ta jiƙaƙƙen bango, sai daidaiton ya ɓaci, ragowar maganaɗisun ya tayar da lantarki cikin naɗi na uku bisa ƙa'idar Faraday, wuta ta katse. An bunƙasa irin wannan na'ura a shekarun 1950 saboda ma'aikatan haƙar zinariya a Afirka ta Kudu. Wanda ake sa wa gidaje yana faɗuwa a miliampiya 30, cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa. Yana da maɓallin gwaji a fuskarsa, wanda ya kamata a riƙa dannawa lokaci-lokaci. Ina ganin babu ɗakin kwanan ɗalibai ko ɗakin gwaje-gwaje na makaranta da ya cancanci a bar shi babu wannan na'ura, musamman da yake ɗalibai su ne masu tsoma hita cikin bokiti su gwada zafin ruwa da yatsa.

Janareta da hasken rana

Gidaje da yawa yanzu hanyar wutarsu biyu ce ko uku, wannan kuwa ya kawo haɗarin da littattafan makaranta na da ba su ambata ba. Taransifoma ba ta san gaba da baya ba. Idan aka jona janareta da wayarin gida ba tare da makunnin sauya layi ba, bolt 230 ɗin zai fita ta mita ya bi layi ya shiga taransifomar unguwa ta baya, ta ɗaga shi zuwa dubbai a kan wayar da ma'aikaci ya hau gyara yana zaton a kashe take. Makunnin sauya layi an ƙera shi ne yadda ba zai yiwu hanyoyin biyu su haɗu a lokaci guda ba.

Batiran hasken rana kuwa mutane suna raina su don an ce bolt 12 ne ko 24, ba sa ja. Gaskiya ne ba su cika ja ba, amma suna ƙuna. Na'urar da take shan wat 1,200 ampiya 5 da ɗan kai take ja a bolt 230. A gefen batir mai bolt 12 kuwa ampiya 100 ce, kusan ninki 19, zafin da za ta haifar a waya iri ɗaya kuma ya haura ninki 360. Saboda haka wayar da take tsakanin batir da inbata dole ta zama gajeriya mai kauri, da fis ɗinta dab da kan batir. Kuma fis ko makatsin dole ya zama wanda aka yi don kwarara mai miƙewa. Wutar layi tana ratsa sifiri sau 100 a daƙiƙa, wannan yana taimaka wa tartsatsi ya mutu da kansa idan makatsi ya buɗe. Wutar batir da ta faifan rana ba ta ratsa sifiri, don haka makatsin gida na yau da kullum idan aka sa shi a nan yana iya buɗewa tartsatsin ya ci gaba da ci a tsakanin haƙoransa har akwatin ya kama.